Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Kifa Majinyatan da Ke Kan Na'urar Numfashi a Asibitocin Kano

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Kano, da Hukumar Kula da Asibitocin Jiha, da shugabannin asibitocin tarayya da na jiha da masu zaman kansu da ke da sashen kulawa ta musamman a birnin Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ma'aikatan jinya ne da likitocin sa barci da masu gashin ƙashi, aikinmu a gefen gadon mutanen da numfashi ya gagare su har sai da aka ɗora su kan na'ura. Buƙatar da ta sa muka rubuto guda ce. Muna roƙon a fitar da rubutacciyar ƙa'ida ɗaya, wadda kowane sashen kulawa ta musamman a Kano zai bi, kan yadda ake kifa majinyacin da huhunsa ya gaza, a kuma ba ta hannaye da horon da za su sa ta yiwu dare da rana. Na'urar numfashi kuɗi ce mai yawa, iskar oksijin ma haka. Kifa majinyaci kuwa zanin gado biyu yake ci da filo huɗu da mutum biyar da suka san abin da suke yi, amma a cikin duk abin da aka gwada kan wannan ciwo kaɗan ne suka kai shi ceton rai.

Ciwon da muke magana a kai shi ne wanda likitoci ke kira ARDS, wanda aka fara bayyana shi a 1967 a birnin Denba na Amurka daga majinyata 12. Huhu ne ke kumbura gaba ɗaya, ƙananan jijiyoyin jininsa su riƙa yoyo, ruwa ya cika jakunkunan iska, oksijin ya kasa tsallakawa cikin jini komai yawan wanda aka hura. Abubuwan da ke haddasa shi ba baƙi ba ne a garin nan: nimoniya mai tsanani, guba a jini bayan haihuwa ko bayan fashewar hanji daga taifot, mace mai jijjigar ciki da amai ya sauka mata a huhu, wanda mota ta daki ƙirjinsa a hanyar Zariya ko ta Wudil, zazzaɓin cizon sauro da ya yi nisa, da annoba irin korona da ta shigo Kano a watan Afrilun 2020. Asibitocin Kano kuma ba na Kanawa kaɗai ba ne, daga Jigawa da Katsina har Jamhuriyar Nijar ana kawo marasa lafiya.

Dalilin kifawar yana cikin yadda huhu ke zaune a ƙirji. Mafi yawan naman huhu yana ta wajen baya ne. Huhun da ya sha ruwa kamar jiƙaƙƙen soso yake, nauyin samansa na danne ƙasansa. Idan mutum na kwance rigingine, ɓangaren bayan nan mai faɗi shi ne a ƙasa, ga nauyin huhun kansa, ga zuciya ta zauna a kai, ga kayan ciki na turo tantanin da ya raba ƙirji da ciki zuwa sama. Sai jakunkunan iskar wajen su rufe ruf. Jini kuwa bai fasa bi ta can ba, don haka yana wucewa ta inda babu iska ya koma jiki yadda ya zo. Iskar da na'ura ke turawa sai ta taru a ɗan ɓangaren gaba da ya rage a buɗe, ta yi ta buɗa shi fiye da kima har shi ma ya ji rauni. Da zarar an kifa mutum, zuciya ta koma kan ƙashin ƙirji, bayan huhu ya sami sarari ya buɗe, jinin da ke bi ta nan ya haɗu da iska, majina ta gangaro waje, iskar na'ura kuma ta bazu a huhu mai faɗi maimakon ta matse a lungu guda. Wannan na ƙarshen shi ne babban amfanin, shi ya sa ba a yanke hukuncin cewa kifawa ba ta yi aiki ba don kawai lambar oksijin ba ta tashi nan take ba.

Tun a shekarun 1970 aka fara kawo shawarar, amma gwajin farko mai girma da aka yi a Italiya a 2001 bai nuna raguwar mutuwa ba, domin awa shida zuwa bakwai kawai ake kifa mutum a rana, kuma an haɗa da masu ciwo mai sauƙi. A 2013 ne binciken PROSEVA, wanda aka yi a Faransa da Sifen kan majinyata 466, ya warware maganar. An zaɓi masu ciwo mai tsanani, aka fara da wuri, aka bar su a kife aƙalla awa 16 a jere. Cikin kwana 28, kashi 16 cikin ɗari na waɗanda aka kifa ne suka rasu, na waɗanda aka bari rigingine kuwa kusan kashi 33. A kwana 90 tazarar na nan: kashi 23.6 da kashi 41. Duk da haka, wani nazari na ƙasashe 50 da aka wallafa a 2016 ya gano kashi 16 cikin ɗari kacal na masu ciwon mai tsanani ake kifawa. Akwai abu guda a binciken PROSEVA da muke so ku riƙe da kyau, ranku ya daɗe: sassan da suka yi shi sun shekara fiye da biyar suna wannan aiki kullum kafin a fara ƙidaya. Sakamakon na ƙwararrun hannaye ne. Idan aka ba da umarni babu horo, abin da zai biyo baya shi ne bututun numfashi, wanda ke haɗa majinyaci da na'ura, ya fice daga maƙogwaro.

Ƙa'idar da muke nema ta fara da faɗin wa za a kifa. A gwajin iskar jini, ana raba matsin oksijin na jinin jijiya da kason oksijin da na'ura ke bayarwa. Mutumin da ke kan kashi 60, wato 0.6, gwajinsa ya nuna 72, lissafinsa 120 ke nan. Duk wanda lissafinsa ya gaza 150, alhali yana kan kashi 60 ko fiye kuma PEEP ɗinsa, wato matsin da na'ura ke bari a huhu bayan fitar numfashi, ya kai 5, bayan an ba shi awa 12 zuwa 24 ana daidaita na'urar, ya cancanci a kifa shi a ranar, ba sai an jira ya kai gargara ba. Inda babu na'urar gwajin iskar jini, ko iyalai ba za su iya biyan gwajin sau da yawa ba, akwai hanyar da aka tsara a Kigali ta ƙasar Ruwanda a 2016 domin asibitoci irin namu: a raba lambar ɗan maƙalen yatsa mai auna oksijin jini da kason oksijin. Idan sakamakon 315 ne ko ƙasa, ciwon ya tabbata muddin hoton ƙirji ko sikanin ya nuna huhu biyun sun kamu, kuma kusan 190 shi ke daidai da 150 ɗin can. Lissafin ba ya aiki idan lambar yatsan ta haura 97. Sai dai a yi hattara da ɗan maƙalen nan a jikin mutanenmu. Wani bincike na Jami'ar Mishigan a 2020 ya nuna yana ɓoye ƙarancin oksijin a baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Lalle mai duhu a yatsa da sanyin hannu ma na iya ruɗa shi. Don haka 90 a allon na'ura a Kano ba lambar kwanciyar hankali ba ce.

Kifawa ba ta gyara na'urar da aka saita ba daidai ba. Yawan iskar kowane numfashi mililita 6 ne ga kowane kilo, kuma kilon da tsawon mutum ake fitar da shi, ba da sikeli ko ƙiyasin ido ba, domin huhu ba ya ƙaruwa da ƙiba. Namiji mai tsawon santimita 170 kilo 66 ake lissafa masa, iskarsa kusan mililita 400. Mace mai santimita 160 kilo 52, kusan mililita 315. Matsin da ke cikin huhu a ƙarshen shaƙa kada ya wuce 30. Gwajin da ya kafa wannan a shekarar 2000 ya rage mutuwa daga kusan kashi 40 zuwa 31. Abin da ake buƙata a nan tef ne irin na tela a rataye a kowane gado, da jadawalin lissafin manne a jikin na'ura.

Akwai waɗanda ba a kifawa: mai karayar ƙashin wuya ko na baya da ba a ɗaure ba, mai karayar ƙugu, wanda matsin cikin kansa ya hau bayan bugu, wanda aka tsaga wa ƙirji ko aka yi wa aikin maƙogwaro cikin mako biyu, mai aman jini daga huhu da yawa, mai mummunan rauni a fuska, da wanda jininsa ya faɗi ƙasa da matsakaicin 65 duk da maganin ɗaga shi. Ƙiba ba ta hanawa, ƙarin mutane kawai take nema. Mai juna biyu babban likita ne zai yanke, kuma idan za a yi, sai an tsara filo sama da ƙasan cikin yadda ba abin da zai danne shi, ana sauraron bugun zuciyar jariri.

Aikin kansa, rabinsa shiri ne. Awa guda kafin juyawa a tsayar da abincin da ake ba shi ta roba, a zuƙe abin da ke ciki ta robar hanci. A duba lambar da bututun numfashi yake a daidai haƙora a rubuta ta, yawanci wajen santimita 21 ga mace, 23 ga namiji. A cire filastar da ke riƙe da shi a ɗaure da igiyar auduga, domin miyau zai kwarara kan fuska da zarar an kifa, kuma a zafin Maris zuwa Mayu gumi kaɗai ya isa ya saki filasta. A sa ɗan auduga tsakanin igiyar da gefen baki don kada ta yanka. A auna iskar balan-balan ɗin da ke toshe gefen bututun a maƙogwaro, ta tsaya tsakanin 20 da 30. A zuƙe majina daga bututu da baki. A wanke idanu, a sa musu man ido, a rufe su da filasta mai laushi. A manna abin kare fata a goshi, kumatu, haɓa, ƙirji, ƙasusuwan ƙugu da gwiwoyi. Layukan ƙarin ruwa na sama da ƙugu a tattara su wajen kai, robar fitsari da na ƙasa a bi da su tsakanin ƙafafu zuwa ƙarshen gado, a tabbata kowanne na da sakin da zai isa. Robar ƙirji mai fitar da ruwa ko iska, idan akwai, ta zauna ƙasa da majinyaci. Duk ruwan da ba dole ba a cire shi na ɗan lokaci, amma maganin ɗaga jini da na barci ba a taɓa su. Barcin ya yi nauyi sosai, idan kuma yana kokawa da na'ura likita ya ba da maganin sassauta tsoka. A ɗaga oksijin zuwa kashi 100 na minti goma.

Kafin kowa ya taɓa zani, a duba abu huɗu da ido: batirin na'urar numfashi na da caji, na'urar zuƙe majina na ja, jakar hura iska ta hannu na haɗe da silindar oksijin mai cike, kayan sake sa bututu na kan tire a gefen kai. A garin da wuta ke iya ɗaukewa kowane lokaci, wannan dubawar ba a tsallake ta, kuma ba a fara juyi a daidai lokacin da ake sauya layi zuwa janareta.

Mutum biyar ne mafi ƙaranci. Ɗaya a wajen kai, wanda ya iya sa bututu, hannunsa ɗaya kan bututun ɗaya a ƙeya, shi kaɗai ke magana kuma shi ke ƙirga. Biyu a dama, biyu a hagu. Idan akwai robar ƙirji ko majinyacin mai jiki ne, a ƙara na shida. A shimfiɗe gado, a cusa hannun majinyaci na ɓangaren na'ura ƙarƙashin ɗuwawunsa, a cire wayoyin auna zuciya daga ƙirji a bar na yatsa. A ɗora filo ɗaya a kan ƙirji, ɗaya a kan ƙugu, ɗaya a kan gwiwoyi, a lulluɓa sabon zani a sama banda fuska, sannan a naɗe gefen zanin sama da na ƙasa tare, tam, har su matse jikin. Daga nan motsi uku ne, kowanne da ƙirgarsa. A ja shi zuwa bakin gadon da ke nesa da na'ura. A tayar da shi kan gefensa yana fuskantar na'ura, a tsaya, mai kai ya duba bututu da layuka, masu gefe su sauya riƙo. Sannan a sauke shi a hankali kan cikinsa, fuska na kallon na'ura. Nan take a duba lambar bututu, a saurari ƙirji dama da hagu, a manna wayoyin zuciya a baya, a zuƙe majina.

Gyaran kwanciyar shi ne inda ake gane wanda ya iya. Tafin hannu ya iya shiga ƙarƙashin ciki, domin cikin da ya danne zai tura tantani sama ya ɓata duk abin da aka nema, ya kuma rage jinin da ke komawa zuciya. Fuska na gefe guda, wuya bai lanƙwashe baya ba, kunne bai naɗe ba, ba abin da ya taɓa ƙwayar ido. Hannun da fuska ke kallo a ɗaga shi, kafaɗa kada ta kai kusurwa 90, gwiwar hannu a lanƙwashe, ɗayan hannun ya miƙe a gefen jiki. Filo ƙarƙashin ƙwauri don yatsun ƙafa su rataya ba su dogara kan katifa ba. A gyara nonon mace da gaban namiji kada su matse, a tabbata ba wata roba ko murfin sirinji da ya rage ƙarƙashin jiki. A karkata gadon gaba ɗayansa, kai sama ƙafa ƙasa, kamar digiri 15 zuwa 30, don rage kumburin fuska da dawowar abinci. Ba a lanƙwasa gadon a tsakiya kamar na mai rigingine, wannan zai karya masa baya ne.

Shawararmu kan lokaci ita ce a kifa bayan la'asar, wajen ƙarfe biyar, a mayar da shi rigingine da hantsi, wajen tara zuwa goma. Awa 16 zuwa 17 sun cika ke nan, manyan juyi biyun sun faɗo lokacin da ma'aikata ke da yawa, kuma likitoci za su same shi rigingine a zagayen safe don hoto, wanka da duba fata. Wannan tsari ne na maimaitawa. Kifawar farko ba ta jiran la'asar, duk lokacin da ya cancanta a yi.

Amma ga inda nauyin ke faɗowa kanku. Kowane awa biyu zuwa huɗu sai an sauya gefen fuska da hannun da ke sama, kuma wannan aikin mutum uku ne, ɗayansu mai iya riƙe bututu. Yawancinsa cikin dare yake faɗowa. Sashen da aka bar wa ma'aikacin jinya ɗaya ko biyu su kwana da gadaje da yawa ba zai iya ba, kuma illar a jikin majinyaci take fitowa. Fuskar da ta kwana a gefe guda tana wayar gari da gyambo a kunci da goshi. Hannun da ya daɗe a sama yana jan jijiyoyin da suka fito daga wuya zuwa hammata, mutum ya warke daga ciwon huhu ya tashi da shanyayyen hannu, wanda ga tela ko manomi ko direba asarar sana'a ce. Idon da ya danne na iya samun gyambo ko ya rasa gani ɗungurum. Majinyacin da ke kife yana buƙatar nas ɗinsa shi kaɗai, da wasu biyu da za a iya kira cikin minti kaɗan.

Matsalar da ta fi kisa da sauri ita ce ta bututu. Yana iya ficewa, ko ya zurma cikin reshen huhun dama, ko ya lanƙwashe ƙarƙashin fuska, ko majina ta toshe shi, musamman a awa ta farko da huhu ke zubo abin da ya tara. A lokacin hunturu, da iska ke bushe, majina kan yi kauri ta daskare a bututu idan babu abin jiƙa iskar na'ura, don haka matatar da ke riƙe danshi ba kayan ado ba ce. Idan ƙarar matsi ta tashi, a bi bututun da hannu daga baki zuwa na'ura, a tura robar zuƙa a ga ko ta wuce, a saurari ƙirji. Faɗuwar oksijin na 'yan mintoci bayan juyi abu ne da aka saba gani, ba a firgita a mayar da mutum saboda shi. Abin da ke sa a mayar da shi rigingine nan take a rubuce yake a binciken 2013: bututu ya fita ko ya toshe, oksijin ƙasa da 85 fiye da minti biyar a kan kashi 100, bugun zuciya ƙasa da 30 fiye da minti ɗaya, lambar jini ta sama ƙasa da 60 fiye da minti biyar, aman jini, ko tsayawar zuciya. Idan zuciya ta tsaya kuma babu isassun hannayen juyawa, ba a jira. A fara danna baya a tsakiyar gadon baya, daidai ƙasan allon kafaɗu, har mutane su taru. Wannan ma sai an koya wa kowa tun kafin ranar.

Abinci ba a yanke shi don mutum na kife. Bayan awa guda a ci gaba da shi a hankali, gado a karkace, ana duba baki da hanci ko yana dawowa, a ba da maganin motsa ciki idan yana taruwa. Ana daina kifawa idan, bayan awa huɗu a rigingine, lissafin oksijin ya tsaya a 150 ko sama, PEEP bai wuce 10 ba, oksijin bai wuce kashi 60 ba. A binciken PROSEVA yawanci sau huɗu aka yi wa kowane mutum.

Sauran majinyatan da ke kan na'ura, waɗanda ba sa buƙatar kifawa, su ma kwanciyarsu magani ce. A ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45. Wani gwaji a Basalona a 1999 ya nuna nimoniyar na'ura ta kama kashi 34 na waɗanda aka shimfiɗe, kashi 8 na waɗanda aka ɗaga. Ido na yaudara a nan, gadon da ake zaton 30 ne sau da yawa bai kai ba, don haka a yi alama a jikin gado. A riƙa juya su gefe zuwa gefe kowane awa biyu. Idan huhu ɗaya ne ya kamu, mai lafiyar ake sawa a ƙasa don jini ya fi bi ta cikinsa, sai fa idan jini ko ruɓa ke fita daga mai ciwon, to shi ake sawa ƙasa kada ya zuba cikin ɗan'uwansa. Mai tsohon ciki a karkata ta hagu.

Akwai maganar da ƙa'idar da aka kwafo daga waje ba za ta ƙunsa ba. Mun taso an hana mu kwanciya rubda ciki, kuma hanin na da asali a hadisi. Ɗan da ya leƙo ya ga mahaifinsa a kife, fuska a kumbure, ido a manne da filasta, zai iya ɗauka wulaƙanci ne ko sakaci, har ya nemi a sallame su. Haƙƙinsa ne a zaunar da shi tun kafin a fara, a faɗa masa da Hausa: "Alhaji, huhun Baba ta baya ya fi yawa, ruwa ya danne shi. Za mu kwantar da shi kan cikinsa daga yamma zuwa safe don wajen ya buɗe. Za ka ga fuskarsa ta kumbura, za ta saɓe idan mun mayar da shi. Akwai haɗarin bututu ya motsa, shi ya sa muke yi mu biyar." Malamai sun san hukuncin lalura, kuma zai yi kyau Ma'aikatar ta nemi bayaninsu a rubuce a haɗa da takardar da za a ba iyalai. Sutura kuma wajibi ce a kanmu. Naɗin zani biyun nan yana rufe jiki tun daga farko har ƙarshe idan an yi shi daidai, a ja labule, kuma idan majinyaciyar mace ce a sa mata a gefenta gwargwadon iko.

Abin da muke roƙo, ranku ya daɗe, bai fi ƙarfin jiha ba. A kira shugabannin sassan kulawa ta musamman na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da na Nassarawa, da na Giginyu, da Asibitin Ƙashi na Dala, da na masu zaman kansu, su zauna su amince da takarda ɗaya mai shafi biyu, da jerin dubawa da za a karanta da murya kafin kowane juyi. Kowane sashe ya riƙa atisaye sau ɗaya a wata, ana juya ma'aikaci mai lafiya da aka maƙala wa robobi, ma'aikatan dare da masu ɗaukar marasa lafiya na ciki, har da atisayen mayarwa cikin gaggawa. A shigar da darasin cikin horon ma'aikatan jinya da na likitoci masu neman ƙwarewa. Jadawalin aikin dare ya tanadi mutum uku da aka ambata da suna don gyaran kai, da likitan sa barci da ke kwana a cikin asibiti.

Kayan kuma a sa su cikin abin da asibiti ke tanada, kada a rubuta wa iyalai su fita nema da tsakar dare: filo masu rigar leda da ake gogewa, igiyar ɗaure bututu, man ido, abin kare fata, robobin zuƙe majina, matatar danshi, ma'aunin iskar balan-balan, na'urar zuƙa ta ƙafa don lokacin da babu wuta, da gadajen da ke karkata gaba ɗaya. A duk sayen gado na gaba a sa wannan sharaɗin a takardar kwangila.

Sannan a buɗe rajista a kowane sashe: wa aka kifa, awa nawa, lissafin oksijin kafin da bayan, bututu nawa ya fita, gyambo nawa ya fito, wa ya rayu. A riƙa tattara ta duk wata uku ana dubawa tare, ba don hukunta wanda ya rubuta gaskiya ba, domin ranar da aka hukunta nas kan ta rubuta cewa bututu ya fita, daga ranar rajistar za ta daina nuna komai. A shirye muke mu kawo daftarin ƙa'idar da jerin dubawar, da Hausa da Turanci, duk ranar da aka kira zaman.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yi muku jagora. Wassalamu alaikum.

Daga wasu ma'aikatan sassan kulawa ta musamman a birnin Kano.